Minti Huɗu da Na Yanke

Likita ya ce sai an kwana tara za a kwance bandejin da ke idon Indo, ranar ne za a san ko za ta sake gani. Yana wanke hannu ya faɗi haka, ya goge da tawul, ya wuce gado na gaba. Ni kuwa ina tsaye da lemo guda shida a ƙunshe cikin takarda, na rasa inda zan ajiye su.

Indo 'yar yayana Ashafa ce, shekararta takwas a lokacin, cikin 1986. Ni sunana Uwaisu, kuma sana'ata a wancan zamanin kallon talabijin ce. Ku yi dariyarku, an yi mini ita har ta daina yi mini ciwo. A gidan talabijin ɗin da nake aiki, duk kaset ɗin da ya zo daga ƙasar waje sai ya bi ta hannuna kafin jama'a su gan shi. An ba ni wani ɗan ɗaki mara taga, da akwatin kallo, da na'urar kaset, da tarin fom. A jikin fom ɗin abubuwa biyar aka ce in sa wa ido: giya, sumba, tsiraici, alade, da duk abin da ya taɓa addini. In na ga ɗaya, sai in rubuta daga minti kaza zuwa minti kaza, a yanke. Can ƙasa akwai layi uku na ra'ayin mai dubawa, sannan wurin sa hannu.

Na iya aikin, ba cika baki ba. Shekara shida ina yi, ba a taɓa aiko mana da wasiƙar ƙorafi a kan abin da na sa wa hannu ba. Wanda na gada sumba ɗaya tak ta kuɓuce masa cikin watan azumi, aka mai da shi sito yana gadin kujeru har ya yi ritaya. Shi ya sa ban ɗauki abin da wasa ba. Idona ya goge, ko kaset na gudu ina hango cinya tun kafin ta gama fitowa.

Abin da na fi tsana a aikin shi ne katun ɗin yara na ranar Alhamis. Daga Japan yake, an ɗora masa Turanci. Yaran Kano ba ruwansu da sunansa na asali, Ɗan Walƙiya suke ce masa. Wani yaro ne mai idanu dara-dara da gashi cirko-cirko, shi da ƙanwarsa da kakansu, kullum cikin faɗa da wasu mutanen ƙarfe masu son cinye duniya. Ihu, tartsatsi, fashe-fashe, minti ashirin da biyu cur. Kaina sarawa yake yi. Tun daga kashi na uku na daina kunna sautin. In murɗe maganar gaba ɗaya, in ɗora ƙafa kan tebur, ina ɓarar gyaɗa ina jiran abubuwana biyar. Na ce wa kaina giya da alade ai ganinsu ake yi, katun kuma ba wa'azi ya zo yi ba.

Kashi na sha huɗu ya zo mini ranar wata Litinin. Ɗan Walƙiya ya kutsa masana'antar mugayen, suka biyo shi, ya zame daga kan wata 'yar gada ya faɗa cikin wani ƙaton kududdufi na koren ruwa mai tururi. Sai ga kakan da ƙanwar sun jawo shi waje suna yayyage kayan jikinsa. Tsirara haihuwar uwarsa. Ba a nuna gabansa ba, amma ga ɗuwawu nan a fili, ga kuma yarinya mace tsaye a kansa tana kwarara masa ruwa. Na sauke ƙafata, na dubi agogon na'ura, na rubuta. Sannan na danna gudu, ban saki ba sai da na ga ya sake sa sutura, wannan karon rigar ƙarfe mai fukafukai, ya fasa rufi ya yi sama.

Ga abin da na rubuta a layi ukun nan, har yau yana kaina: "Kashi na 14. Faɗa da hayaniya kamar kullum. Akwai tsiraici daga minti 11 zuwa minti 15. A yanke. Sauran ya dace da yara."

Sule ne ke kwafe kaset yana tsallake wuraren da na ce a cire. Bayan azahar ya leƙo ɗakina da fom ɗin a hannu.

"Malam Uwaisu, minti huɗu fa kuka ce. In na cire wannan, yaron zai faɗa ruwa ne kawai, sai a gan shi ya fito da fukafukai. Labarin zai haɗu kuwa?"

"Labari?" na ce. "Wannan shirmen har wani labari gare shi? Sule, kai aka ɗauka duba kaset ko ni?"

"Ku ne."

"To je ka yanke, ka bar ni in ji da ciwon kaina."

Ya je ya yanke, kuma ya yi aiki mai tsafta, ko wurin haɗin ba a gani. Yaro ya nutse cikin koren ruwa idonsa a buɗe, allo ya yi fari fat na daƙiƙa uku, sai ga shi ya ɓullo cikin rigar ƙarfe. Har yaba masa na yi. Ranar Alhamis ƙarfe biyar na yamma aka nuna shi.

Yaya Ashafa a Panshekara yake zaune, yana aiki a wani kamfanin jimar fatu a Challawa, sashen da ake jiƙa fata cikin kemikal don gashi ya zube. Ruwan da suka gama da shi ta bututu ake sakinsa zuwa wani rami a bayan katangar kamfanin, ba shinge, ba murfi. Wata rana fari, wata rana kore shar, ya danganta da abin da aka jiƙa. Warinsa tun daga titi yake tarar mutum. Kowa ya san ramin, akuya ma kewaye shi take yi, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shigarsa, don ba abin da zai kai mutum.

Indo ce 'yar farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In zai yi mini maganarta sai ya ce "'yarka". Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu. Duk Juma'a in na hau Vespa daga Ɗorayi na je gaishe su, ita ce ke tarata tun daga bakin lungu, ta haye gaban babur ta kama madubi. Yarinya ce mai rawar kai da baki, ba ta yarda namiji ya fi ta hawan bishiya. A lungunsu gidan Hajiya Safiyatu ne kaɗai ke da talabijin, nan yara ke cika tsakar gida duk Alhamis, kuma ba yaron da Indo ba ta gaya wa cewa Baffanta ne ke saka Ɗan Walƙiya ba. Takan tsare ni ta ce, "Baffa, me zai faru a na gaba?" Ni da ban san ko sunan kakan ba, sai in ɗaga gira in ce sirrin aiki ne.

Ranar Asabar, kwana biyu da nuna kashin nan, wani abokin aikin Yaya ya zo gidana a keke, gumi sharkaf, ya ce in zo asibitin ido. Indo ta kai wa ubanta abincin rana a kamfani, a hanyar komawa ita da yaran lungunsu suka bi ta bayan katanga, ta faɗa ramin. Yaran sun ce zamewa ta yi.

Na tarar da Yaya a waje, ƙarƙashin darbejiya, ya tsugunna ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Bai ɗago ba.

"Shiga ka ga 'yarka," ya ce.

Matarsa Zuwaira tana bakin ƙofar ɗakin da jariri a baya, ta kasa shiga ta kasa tafiya. Ita ma kunyar ɗan fari ta ɗaure ta, ga goyo. Ba sai an faɗa ba, jinya ta faɗo kaina.

A ciki na ga wani dogon Buzu tsaye, ƙafar wandonsa ta ci ta zama tsumma, ƙwaurinsa ya yi jajir. Isyaku sunansa, maigadin kamfanin, mutumin Nijar. Shi ya ji ihun yara, ya shiga ramin har gwiwa ya ciro ta, ya naɗe ta cikin bargonsa, ya tare motar fatu aka kawo ta gari. Likita, wani dattijo mai gajen haƙuri, yana yi masa tambayoyi.

"Ka cire mata kayan da suka jiƙe?"

"A'a, likita. 'Yar mutane ce, mace. Ina ni ina tuɓe ta a bainar jama'a? Rufe ta na yi."

"An wanke mata idon?"

"Na goge mata fuska da gefen rawanina."

"Akwai famfo a kusa?"

"Akwai, a bakin get. Taku ashirin."

Likita ya cire tabarau ya murza idonsa. "Da an tuɓe ta nan take, an sa ta ƙarƙashin famfon nan rabin awa, an buɗe idon ana ta kwarara ruwa, da yanzu maganar tabo kawai muke yi. Awa ɗaya da rabi ta yi abin yana cinta a cikin bargo."

Nan fa na hau bawan Allah nan. Na ce masa ƙaton banza, na ce tunda aka haife shi bai taɓa jin ana wanke dauɗa da ruwa ba? Na ce in yarinyar nan ta makance shi ne. Har nas ta zo ta ce in rage murya. Shi kuwa bai ce komai ba sai "Allah ya ba ka haƙuri, Malam," ya ja ƙafarsa ya fita ba tare da ya bari an duba masa ƙwaurin ba.

Kwana biyu Indo ba ta magana sai nishi. Wuyanta da ƙirjinta da hannuwa duk a naɗe, fuska kuwa hanci da baki kawai ake gani. Rana ta uku da hantsi ina fere mata lemo, sai na ji ta ce, "Baffa."

"Na'am, Indo."

"Baba yana nan?"

"Ya tafi aiki. Sai la'asar."

"To zan gaya maka wani abu, amma kada ka gaya masa. Ba zamewa na yi ba."

Na tsai da wuƙar.

"Ruwan irin na Ɗan Walƙiya ne, Baffa. Kore, har da tururin. Su Ɗahiru na lungunmu suka ce ai mace ba ta zama Ɗan Walƙiya, sai dai ƙanwar. Na ce ƙarya ne. Suka ce to in shiga mu gani. Duk cikinsu ba wanda ya iya, ni kaɗai." Har da 'yar fariya a muryar, duk da leɓen ya kumbura. "Na buɗe idona a ciki kamar yadda ya yi. Shi da ya shiga haske ne ya zo, ɗaya, biyu, uku, sai rigar. Ni ina ɗaya zafi ya kama ni, na taso. Na fito da wuri ne, ko Baffa?"

Ban san abin da na amsa mata ba. Na dai san lemon ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gadon wani tsoho, na durƙusa ina nemansa, na daɗe a ƙasan nan fiye da yadda neman lemo ke buƙata.

Washegari da safe na bar Zuwaira a bakin ƙofa na tafi ofis. Na ɗauko kaset ɗin asali daga kan kanta, na kai shi minti na sha ɗaya, na murɗa sautin da tun kashi na uku ban taɓa ba.

Yaron ihu yake yi, ihun da ba na faɗa ba. Kakan yana daka wa ƙanwar tsawa: cire masa komai, kada ki bar ko zare a jikinsa, kawo ruwa, ƙaro ruwa, buɗe masa ido ki zuba, kada ki tsaya ko ya roƙe ki. Ko wanda bai jin Turanci zai gane, don ga shi nan ana yi, bokiti bayan bokiti. Aka nuna fatar bayansa ta saɓule. Aka nuna shi kwance cikin bandeji, ganyen bishiyar da ke bakin taga ya zube ya sake tohowa. Kakan ya zaunar da yarinyar ya ce mata wannan ruwan dafi ne da masana'anta ke zubarwa, ba abin da ke shigarsa ya fito yadda ya shiga. Da yaron ya tashi ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, shi ne tsohon ya ƙera masa rigar ƙarfen don ta riƙe masa jiki. Ashe rigar da yaran Kano ke tsalle suna tafa wa, sandar gurgu ce.

Sau uku na kalla. A na ukun na ji motsi, na juya na ga Sule a bakin ƙofa. Labarin Indo ya riga ya zaga ofis. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ja mini ƙofar a hankali. Wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na ɗauki sabon fom na sake rubuta ra'ayina a kan kashi na sha huɗu. Layi ukun ba su isa ba, na juya bayan takardar na cika. Na rubuta cewa minti huɗun nan su ne kashin gaba ɗaya, sauran duk hayaniya ce. Na rubuta cewa mai dubawa na farko bai saurari komai ba, na sa sunansa, wato nawa. Na nemi a sake nuna shi cikakke ranar Alhamis. Na kai wa Malam Shu'aibu, shugaban sashen shirye-shirye, na tsaya har ya karanta.

"Uwaisu, Allah ya ba yarinya lafiya," ya ce. "Amma ka san garin da kake kuwa? Ɗuwawu a talabijin ƙarfe biyar na yamma?"

"Ranka ya daɗe, zane ne. Kuma ba Panshekara kaɗai aka kalla ba. Ku bi bayan kamfanonin Sharaɗa, ku bi Bompai har Dakata, ko'ina akwai irin ramin nan, ja da shuɗi da kore. Yara sun ga an shiga an fito da fukafukai."

"In muka sake nunawa, mun ce wa duniya na farkon mu muka ɓata ke nan. Sannan wasiƙu su zo a kan tsiraici. Wuta biyu za ka kunna mini?"

"To a yi sanarwa."

"A ce me?"

Ya ninke fom ɗin gida huɗu ya jefa cikin durowa, ya ce za a dakatar da katun ɗin baki ɗaya, a sa kacici-kacicin 'yan makaranta a gurbinsa. Ina ƙofa ya ƙara da cewa, "Kai kuma ka kwantar da hankalinka. Ba ka yi laifin komai ba, fom ka bi." Na bugo masa ƙofar har hoton da ke bango ya karkace. Haka aka yi, ba a sake nuna Ɗan Walƙiya ba, kuma abin da yara suka gani na ƙarshe game da shi shi ne aikin da ni da Sule muka gyara.

Rana ta shida na hau babur na tafi Challawa, ni kaina ban san abin da na je nema ba. Na zaga bayan katangar. Ramin na nan, ranar fari ne, yana kumfa a gefe-gefe. An kewaye rabinsa da ƙaya, ga Isyaku can yana jan wani reshen, ƙwaurinsa ɗaure da tsumma. Ba kamfani ne ya sa shi ba, shi ya ga dama. A bakin ramin na ga silifas ɗin Indo, an jera su ƙafa da ƙafa, yadda mutum ke yi in zai shiga ɗaki.

"Ban taɓa su ba," in ji Isyaku. "Na ce ko masu su za su zo."

Na ce masa ya yafe mini maganganun da na gaya masa. Ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa. Ya nuna famfon bakin get da haɓa, ya ce, "Kullum nan nake alwala. Yanzu in na buɗe shi sai in kasa." Na so in gaya masa ni ne na koya wa garin nan gaba ɗaya rufewa maimakon wankewa, amma sai na sunkuya. Na ɗauki silifas ɗin na sa a akwatin babur.

Da aka tashi daga aiki na goyo Yaya zuwa asibiti. Muna tafe kan titin Panshekara, manyan motoci na watsa mana hayaƙi, sai na ji ya yi magana a bayana.

"Ni na saki ruwan nan ranar Asabar da safe. Da hannuna na murɗa bututun. Shekara tara ina murɗa shi, ban taɓa zagawa na ga inda yake zuwa ba."

"Ƙaddara ce, Yaya," na ce.

Abin da na iya faɗa ke nan. Na bar mutumin nan da kayan da rabinsu nawa ne, na ƙara wa babur wuta don kada ya sake magana. Na yi rashin kirki a rayuwata, amma wannan na kan gaba.

Rana ta tara ta faɗo Litinin. Yaya bai je aiki ba, kuma a karo na farko ya shigo ɗakin, ya tsaya daga ƙafar gado yana murza hularsa. Zuwaira na bakin ƙofa. Ni ina zaune a gefen Indo, ta riƙe mini yatsu biyu gam. Nas ta shiga warware bandejin zagaye bayan zagaye, ta ɗaga audugar ƙarshe, ta goge gefen idon da ruwan magani.

"Buɗe a hankali," in ji likita.

Ta buɗe. Baƙin idon babu shi, duka biyun sun yi fari kamar an ɗiga musu nono. Likita ya haska 'yar tocilarsa a na dama, ya haska a na hagu, ya kaɗa hannu a gabanta. Ba ta ƙifta ba.

"Baffa," ta ce, "ka ce su gama cirewa mana."

Likita ya kashe tocilar ya sa a aljihu, ya dubi Yaya ya girgiza kai. Na ji Zuwaira ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa.

"Indo," in ji Yaya.

Ta juya kanta wajen muryar da sauri, don ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. Shi ma kamar ya tsorata da abin da ya fito daga bakinsa.

Ta kai hannu ta shafa fuskarta, ta ji babu bandeji. Na zaci kuka za ta yi, har na shirya rarrashi. Sai ta matso da bakinta wajen da take zaton kunnena yake, ta yi raɗar da kowa a ɗakin ya ji.

"Kada ka damu, Baffa. Don na fito da wuri ne. In na warke zan koma in daure har uku, idon zai dawo. Su Ɗahiru ma sun ce in na yi za su yi."

Yaya ya ɗago ya dube ni. Bai gane ba tukuna, amma ya ji kalmar komawa.

Na riƙe hannunta da kyau na ce, "Indo, saurara. Kin sha tambayata abin da ke cikin Ɗan Walƙiya ina ce miki sirri ne. Yau zan gaya miki." Na ba ta minti huɗun nan tun daga farko, ban tsallake komai ba. Ihun, da yayyage kayan, da bokitan ruwa, da fatar da ta saɓule, da watannin kwanciya, da ƙafafun da suka mutu. Na gaya mata ruwan bai ba shi komai ba, cinye shi ya yi, kuma abin da ya ceci idonsa shi ne an tuɓe shi an wanke shi nan take. Ina magana ina jin idon Yaya a kaina.

"Ƙarya ne," ta ce. "Ni na kalla. Ba a nuna haka ba."

"Ba a nuna ba. Amma yana ciki."

"To ina ya tafi?"

"Cire shi aka yi."

"Wa ya cire?"

"Ni."

Ta ɗan karkata kai, fararen idanun suna kallon gefen kafaɗata.

"Don me, Baffa?"

Na nemi wata amsa mai nauyi, wadda za ta kai girman abin da ke gabana. Na duba ko'ina a raina ban samu ba, sai dai wadda ke rubuce a fom.

"Ba shi da wando," na ce.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta zare yatsunta daga cikin nawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙa hannun cikin iska, tana lalube wajen da ta ji muryar ubanta.